BINDIGA KO HUJJA?

Daga Yamai zuwa ga rassanmu na Doso, Ƙonni, Tawa, Madawa, Maraɗi, Tasawa, Damagaram da Difa.

Akwai gardamar da ta cika kasuwa da tashar mota a kan mutanen nan masu kashe jama'a da sunan addini. Wasu sun ce ba su jin kowace magana sai ta bakin bindiga. Wasu sun ce a zauna da su a lallashe su. To, ga ra'ayinmu, a karanta shi a taron kowane reshe. Aikin bindiga shi ne ta riƙe hannun mai kisa. Abin da ya shiga zuciya kuwa, hujja da adalci ke fid da shi. Gwamnatin da ta ɗora wa soja aikin malami da na alƙali, ta ɗora masa kayan da ya fi ƙarfin wuyansa.

MASU CEWA A YI ƘARFI

Ba mu raina maganarsu ba, domin jinin da suke tunawa namu ne. A watan Disamba 2019 an kashe mana soja 71 a Inates. A Janairu 2020 an kashe 89 a Shinagodar. A Maris 2021 an kashe talakawa 137 a ƙasar Tiliya cikin yini ɗaya. Ran 21 ga Maris 2025 an kewaye masallacin Fambita ana sallar Juma'a cikin watan azumi, aka kashe mutum 44. Wanda ya zo ƙofar masallaci da bindiga, soja ne zai tare shi. A kan wannan ba mu da ja da kowa.

Amma tambayar da ke gabanmu daban ce: shin duka yana sa mutum ya bar aƙidarsa? Mu duba abin da ya auku ga maƙwabtanmu.

A watan Disamba 1980 soja suka murƙushe Muhammadu Marwa Maitatsine a Kano, shi kansa ya mutu, mutum fiye da 4,000 suka halaka. Aka ce magana ta ƙare. Almajiransa suka ɓulla a Bulumkutu a 1982, a Jimeta a 1984, a Gombe a 1985. Haka kuma a watan Yuli 2009 aka kama Muhammad Yusuf a Maiduguri da ransa, ya mutu a hannun 'yan sanda, bai ga alƙali ba. Da an kai shi kotu, da malamai sun warware maganarsa a gaban duniya. Da aka harbe shi, mabiyansa suka sami shahidi, shugabanci ya faɗa hannun Abubakar Shekau, ran 6 ga Fabrairu 2015 kuma wutar ta ƙetaro Komadugu ta kama Boso da Difa.

A nan gida ma an gwada ƙarfi iyakar gwadawa. Cikin dokar ta-ɓaci ta Difa an hana hawan babur, an hana cinikin tattasai da na banda tsawon shekaru, an kuma kwashe dubban mutane daga tsibiran Tabkin Cadi a watan Mayu 2015. Nufin hukuma shi ne ta toshe wa 'yan ta'adda hanyar kuɗi. Amma ɗan kabu-kabu da masunci da manomin tattasai su suka kwana da yunwa, ga kuma wani a daji yana yi musu alkawarin babur da sadaki. A 2020 kuma hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta ce ta gano gawarwakin farar hula 71 a yankin Inates, ta ɗora alhakin a kan wasu sojoji. Kowane ɗaya cikinsu yana da ƙane. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

ABIN DA HUJJA TA YI

Wannan cuta tsohuwa ce, maganinta ma tsoho ne. Sa'ad da Hawarijawa suka yi wa Sayyidina Ali tawaye suna kafirta Musulmi, Abdullahi ɗan Abbas ya tafi sansaninsu ya bi hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya, dubbai suka komo. Sai da sauran suka zub da jinin bayin Allah sa'an nan aka yaƙe su a Naharawan. Ku lura da jerin: magana tukuna, takobi daga baya, a kan wanda ya yi kisa. Ku lura kuma takobin bai ƙare aƙidar ba, domin ɗaya daga cikinsu ne ya kashe Sayyidina Ali a shekara ta 40 bayan Hijira.

A zamaninmu Muritaniya ta bi wannan hanya. A watan Janairu 2010 manyan malamai suka shiga kurkukun Nuwakshot suka zauna da fursunoni wajen 70, aka buɗe littattafai aka yi ta muƙabala. Mafi yawansu suka sa hannu sun bar ra'ayin kisa, aka saki da dama. Ƙasar ta kuma gyara sojanta ta tsare iyakarta. Ba ta zaɓi ɗaya ta yar da ɗaya ba.

Kada wani ya ce wannan hanya ta matsorata ce. Shaihu Albani na Zariya ya yi ta rushe hujjojin Boko Haram a karatunsa, aka harbe shi ran 1 ga Fabrairu 2014, Shekau ya fito ya ce aikinsu ne. Da hujja ba ta yi musu ɓarna, da ba su ɓata harsashi a kan malami ba.

GUDUMARIYA

A watan Disamba 2016 Mohamed Bazoum, yana ministan cikin gida, ya yi shela cewa duk ɗan Boko Haram da ya ajiye makami za a karɓe shi. Aka buɗe musu sansani a Gudumariya, malamai suna karantar da su, ana koya musu sana'a. A watan Disamba 2019 aka sallami kashin farko, mutum 110, bayan sun rantse da Alƙur'ani.

Aikin yana da kyau, amma yana da aibu biyu. Na ɗaya, jinkiri: wasu sun yi kusan shekara 3 a tsare ba su san matsayinsu ba, labari kuwa yana komawa daji, mai niyyar fitowa ya fasa. Na biyu ya fi nauyi: an ba wanda ya tuba kayan sana'a, matar da aka kashe wa miji tana bukka a bakin hanya tana kallo. Lallashin da ya tsallake wanda aka cuta wani sabon zalunci ne. Don haka muke cewa a dubi ruwa a dubi tsaki. Shugaban da ya ba da umurnin kisa a kai shi gaban alƙali a fili. Yaron da aka sace, da wanda yunwa ta kora, da wanda aka ruɗa da wa'azi, a bar musu ƙofa a buɗe, a cika musu alkawari da sauri. Wanda aka cuta kuwa a fara biyansa kafin kowa.

AIKIN RASSA

1. Kowane reshe ya kusanci malaman garinsa masu ilimi, ya tsaya musu in sun fito suna warware ruɗu, kada a bar su su kaɗai.

2. In kun ga yaro ya fara kafirta iyayensa, ya daina bin limamin unguwa, kada ku yi masa tsawa a kasuwa, kada kuma ku kau da kai. Ku haɗa shi da malamin da ya fi wanda ya ruɗe shi karatu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

3. Wanda kuka tabbata yana ɓoye makami ko yana kai wa 'yan daji labari, ku sanar da hukuma. Amma kada gabar gona ko ta mashaya ta sa a yi wa wani ƙazafi.

4. Kada a jingina laifin mutum ɗaya ga ƙabilarsa. Bafillace da Bazabarme da Buzu da Babarbare da Bahaushe duk sun binne 'ya'yansu a wannan fitina.

5. In an kama ɗan garinku ba bisa ƙa'ida ba, ku bi sawunsa ta hanyar doka har a kai shi kotu ko a sake shi.

'Yan'uwa, soja zai iya korar mutum daga gari, amma wanda zai sa ya komo ya zauna lafiya da maƙwabcinsa yana cikinku, a zaure da masallaci da rumfar kasuwa. Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu.

Haza wasalam.