Kachalla Na Cinye Dausayin Hadejia-Nguru: Ina Matasa?

Duk wanda ya bi ta Nguru ko Kiri Kasamma ya ga yadda kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, ya san akwai babbar musiba a ƙasa. Wannan dausayi, inda kogin Hadejia da na Jama'are suke bazuwa kafin su zama kogin Yobe, shi ne rumbun talakawan Jigawa da Yobe. A nan manomi yake shuka shinkafa, masunci ya kama kifi, Bafulatani ya kawo shanunsa da rani.

Daga ina bala'in ya taso? A da, ruwa yakan cika fadama da damina, ya janye da rani, ƙasa ta bushe, ciyawa ta mutu. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, sai wannan tsari ya rushe. Ruwa ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara, abin da kachalla take so ke nan. Ta cika magudanai, laka ta taru, ruwa ya rasa hanya. Wasu garuruwa suna nutsewa, wasu gonaki kuma suna ƙishirwa. Cikin kachallar nan kuma jan-baki yake samun mafaka, ya fito ya wawushe hatsin talaka.

Ba a rasa takardu da taruka ba. Tun 1987 aka kafa shirin kare dausayin. A 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, a 2008 Dagona da Baturiya suka biyo baya. To amma takarda ba ta yanke ciyawa!

Masu yanke ta su ne mutanen ƙauyukan da suke fita gayya da lauje da adda, cikin ruwa har ƙirji, su buɗe hanyar da kwale-kwale zai wuce. Aikin yana da ilminsa: idan aka yanke kachalla a ƙarƙashin ruwa, saiwarta ba ta samun iska, sai ta ruɓe. Idan aka sare ta a sama, ko aka cinna mata wuta, ba a daɗe ta sake tofowa.

A nan ne ake tambayar 'yan'uwa matasa. Saurayin da yake da ƙarfin kwana a majalisa yana zagin mahukunta, ina ƙarfinsa ranar gayya? Kuma wanda yake zuba guba a ruwa don kifi, ko yake sare itatuwan Baturiya don itacen sayarwa, ko yake harbin agwagwan Dagona da suke ƙetaro Sahara daga Turai duk hunturu, da wane baki zai yi kukan zalunci? Shi ma yana zaluntar na baya.

Gaskiya ne gayya kaɗai ba za ta isa ba. Wajibi ne masu riƙe da madatsun su riƙa sakin ruwa bisa tsarin damina da rani, kuma haƙƙin al'umma ne ta matsa musu lamba a kan haka. Sai dai muryar wanda aka gani da laka a ƙafa ta fi ta ɗan kallo nauyi. Saboda haka lallai matasan kowane gari su tsara kansu, su sa ranar fita, su hana ɓarna a tsakaninsu. Idan suka yi sake, 'ya'yansu za su gaji kachalla a inda kakanninsu suka bar shinkafa. Allah ya kiyaye.