Wa Zai Binciki Maganin da Muke Sha?

Ya kai mai karatu, kafin ƙwayar magani ta iso hannunka, sai da aka gwada ta a jikin mutane, aka auna yawan da ya dace da babba da wanda ya dace da yaro, aka kuma rubuta illolinta. Wannan aiki shi ake kira binciken magani. Da yawa daga cikinmu suna zaton a ƙasashen Turawa kaɗai ake yin sa. Ba haka ba ne. An yi shi a nan ƙasarmu.

Daga shekarar 2010 zuwa 2013 an gudanar da wani bincike a ƙauyuka 48 na gundumar lafiya ta Matameye, wadda Dawce ke cikinta. Ciwon da aka sa gaba shi ne amodari, mai juya gashin ido ciki har ya kai ga makanta. Maganin kuwa azithromycin ne. An raba ƙauyukan kashi biyu. A kashi ɗaya ana ba kowa da kowa magani sau ɗaya a shekara. A ɗaya kashin, yara 'yan shekara 12 zuwa ƙasa kaɗai ake ba, amma sau biyu a shekara. Bayan shekara uku aka tarar hanya ta biyu ba ta gaza ta farko ba wajen rage ƙwayar cutar. Dalili shi ne, a idon yara cutar ta fi zama, daga can take yaɗuwa. Ma'aikatan shirin kula da lafiyar ido na ƙasa ne suka yi aikin tare da masana na jami'ar Kalifoniya ta Amurka.

Ba a tsaya nan ba. An gwada wannan magani a jihar Doso don a ga ko zai rage mutuwar ƙananan yara. Sakamakon da aka fitar a 2018 ya nuna raguwar kimanin kashi 18 cikin ɗari a Nijar. Wani binciken da ya fito a 2024 ya sami kashi 14 cikin ɗari idan an ba yara daga wata ɗaya zuwa wata 59. Labari ne mai daɗi, amma da sauran magana. Masu binciken sun ga cewa a ƙauyukan da aka yi ta raba maganin, ƙwayoyin cuta masu jure masa sun ƙaru. Ka tuna da nibakin. Shekaru da dama shi ne madogararmu a kan zazzaɓin cizon sauro, har ranar da ya daina aiki aka sauya shi. Kowane magani yana iya bin wannan hanya idan ba a sa masa ido ba.

To, wa zai sa idon? A nan ne maganar karatu ta shigo.

Masanin haɗa magani, wanda muke kira farmasiyan, ba mai tsaron kanti ba ne kawai. Akwai wani reshe na iliminsa da ake yi a gefen gadon majinyaci. Mai wannan ilimi yana zagaya ɗakunan asibiti tare da likita. Likita ya gano ciwo, shi kuma ya duba ko maganin ya dace da nauyin yaro, ko zai cutar da mai ciki, ko zai yi karo da wani da majinyaci yake sha, ko ƙodar dattijo za ta iya ɗaukarsa. Yaron da tamowa ta kama, alal misali, jikinsa ba ya karɓar magani kamar na yaro mai ƙoshi. A Madarunfa ta jihar Maraɗi an gwada amoxicillin a kan yara kusan 2,400 masu tamowa mai tsanani wadda ba ta haɗu da wani ciwo ba. Sakamakon 2016 ya nuna ba su warke fiye da waɗanda ba a ba maganin ba. Da ba a bincika ba, da babu mai sanin haka.

Hanyar wannan karatu doguwa ce, gara ka sani tun yanzu. Yaro ko yarinya sai ya gama lise a fannin kimiyya, ya ci jarrabawar bak da maki mai kyau a lissafi da ilimin halittu da na sinadarai. Daga nan sai kimanin shekara shida a jami'a kafin ya zama farmasiyan. A Yamai, tsangayar ilimin lafiya ta jami'ar Abdu Mumuni tana koyar da wannan fanni. Karatun zurfi yana zuwa ne bayan haka: digiri na biyu, sannan digirin bincike, wanda yakan ci shekara uku ko fiye. Ɗalibanmu sun daɗe suna zuwa Dakar da Bamako da Wagadugu, wasu kuma Aljeriya ko Maroko ko Faransa. Hukumar ANAB ce ke kula da tallafin karatu na gwamnati, kuma masu nema sun fi guraben yawa.

Akwai wata ƙofa da ta fi kusa da mu, amma ba mu cika duban ta ba. Daga Matameye, Kano ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashe na musamman na wannan ilimi na gefen gado, har zuwa digirin bincike. Jami'ar Bayero ta Kano da ta Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato su ma suna da tsangayar haɗa magani. Cikas ɗin shi ne Ingilishi, sai kuma daidaita takardun shaida tsakanin tsarin ƙasashen biyu. A ganina, wannan cikas bai kai yadda ake tsoronsa ba. Yaron da ya koyi Faransanci daga babu zai iya koyon Ingilishi, majinyatan da zai koyi aiki a kansu kuwa Hausa suke ji.

Kada ka ce wannan zancen masu kuɗi ne, bai shafe ka ba. A 1995, lokacin annobar sanƙarau, an yi wa mutane fiye da 50,000 allurar rigakafi ta jabu a Nijar, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta mutuwar mutum 2,500 da ita. A 2015 da 2019 an sake kama allurar sanƙarau ta jabu a ƙasar nan. Bayan juyin mulkin Yuli 2023, da aka rufe iyakoki, magani ya yi wuya ya kuma yi tsada. A irin wannan lokaci ne kasuwar masu tallar magani a faranti take ci, su da ke yawo da ƙwayoyi cikin rana tsaka. Ɗakin awo na ƙasa, LANSPEX, da cibiyar bincike ta CERMES duk a Yamai suke, kuma na'ura ba ta aiki sai da ƙwararre.

Sai batun amana. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano lokacin sanƙarau. Yara 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta laifi, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Har yau wannan labari yana sa wasu gudun allura, har da mai amfani. Mai binciken da ya tashi a cikinmu, ya san gidan maigari, yake kuma jin harshen uwar yaro, ya fi saukin yarda, ya kuma fi jin kunyar cin amana.

Kafin mu sami irin waɗannan da yawa, kai ma kana da haƙƙi. Idan masu bincike suka zo garinku, ka tambayi sunan maganin da abin da ake nema a sani. Ka tambaya ko kwamitin ƙasa mai duba ɗa'ar bincike ya amince, da kuma inda za a kai yaro idan maganin ya ba shi matsala. Kana iya ƙi, kana iya janyewa daga baya, ba kuwa za a hana ka magani a asibiti saboda haka ba. Za a miƙo maka takardar yarda. Da can yatsa kake dangwalawa. Yanzu da ka fara karatu, ka nemi a ba ka ta Hausa, ka karanta a hankali, inda ya shige maka duhu ka kai wa malamin ajinku kafin ka sa hannu.