ZAFIN BAZARA: Masu Sanyaya Ɗakunan Jama'a Na Gasuwa A Jikwoyi

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Nyanya ta ratsa Karu ta nufi Karshi, in ya iso Jikwoyi ba zai rasa ganin rumfunan masu gyaran firji da iyakwandishan a bakin titi ba. Tun da aka mayar da hedkwatar ƙasa Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, tsadar haya ta riƙa koro ƙananan ma'aikata da masu sana'ar hannu zuwa irin waɗannan unguwanni na bayan gari. A nan suke kwana, da sassafe kuma su ɗauki jakar aiki da tukunyar gas su nufi gidajen manya a Asokoro da Maitama.

Kakar wannan sana'a ita ce bazara, daga Fabrairu zuwa Afrilu. Abin lura shi ne, ranar da zafi ya fi tsanani ita ce ranar da aka fi neman mai gyara, kuma wurin aikinsa shi ne wuri mafi zafi a gidan: bisa kwanon rufi, ko cikin silin, ko kan tsani a gaban injin waje, wanda aikinsa ke nan ya kwaso zafin ɗaki ya feso shi a fuskar wanda ke tsaye. Ga kuma wutar walda a hannu.

ZAFI IRI BIYU NE

Mutumin Sakkwato ko Katsina yakan yi tinƙaho da cewa babu ranar da za ta ba shi tsoro. To, amma zafin Arewa busasshe ne. Gumi na fitowa iska na shanye shi, kuma bushewar gumin nan ita ce ke sanyaya jiki. In iska ta cika da laima, kamar yadda takan yi a Abuja gab da faɗuwar damina, ko a Ikko da Fatakwal kusan duk shekara, sai gumi ya yi ta zuba ba ya bushewa. Mutum na asarar ruwa da gishiri, jikinsa kuwa bai huce ba.

Ga lissafin masana yanayi: in ma'auni ya nuna digiri 35 a busasshiyar iska, abin da jiki ke ji ke nan. Amma in laima ta kai kashi 60 cikin 100, wannan digiri 35 ɗin jiki zai ji shi kamar 45, a inuwa ma ke nan. Saboda haka ɗan Arewa da ke aiki a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun, wannan magana ta fi shafarsa a kan ɗan'uwansa na Jikwoyi.

Lamarin kuwa ƙaruwa yake yi. A Fabrairun 2024 Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, watau NiMet, ta ja kunnen jama'a cewa zafi zai kai digiri 41 a Arewa, 39 a Kudu. A watan ne aka riƙa tsayar da wasa don 'yan ƙwallo su sha ruwa a gasar cin kofin Afirka a Kwaddibuwa. Masanan ƙungiyar World Weather Attribution sun bincika, suka ce sauyin yanayi ya ƙara wa wancan zafi kimanin digiri 4. Ranar 3 ga Afrilu na shekarar aka auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. In har ƙato ɗan ƙwallo, da likita a gefen fili, yana bukatar hutu, ina ga yaron shago da ke bisa kwano da tsakar rana?

ABIN DA KE HANA SU HUTAWA

Na farko, matsin aljihu. Bayan janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, da faɗuwar darajar Naira, kuɗin mota da na kayan gyara duk suka tashi. A Afrilun 2024 kuma hukumar NERC ta ɗaga kuɗin lantarki ga 'yan rukunin farko daga Naira 68 zuwa 225 kowane yunit. Sabon inji ya fi ƙarfin mutane da yawa, sai lallaɓa tsoho. Aiki ya yi yawa, riba ta ragu, don haka mai gyara yakan tara wa kansa gida huɗu ko biyar a wuni guda.

Na biyu, rashin tsayayyiyar wuta. Ba a gwada inji sai da lantarki, lantarki kuwa bai san safe ko azahar ba. In aka kawo shi ƙarfe ɗaya na rana, a lokacin za a hau tsani. Hannu mai gumi kuwa ya fi busasshe saurin jan wuta, kuma jiri kaɗan ya isa ya jefo mutum daga bene.

Na uku, gas ɗin kansa ya canja. A ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 an daina R12 tun 2010, ana kuma kan janye R22. Sababbin firji suna amfani da R600a, mai kama wuta nan take, sababbin iyakwandishan da yawa kuma R32, wanda shi ma yakan kama. Wanda ya koyi aiki a zamanin tsohon gas, ya saba kunna walda ba tare da ya zuƙe bututu sarai ba, ko ya bar tukunya a rana, yana wasa da ransa.

Na huɗu, azumi. A 2024 da 2025 watan Ramadan ya faɗo cikin Maris, tsakiyar zafi, daidai lokacin da masu sayar da ƙanƙara ke damun mai gyara da kira.

DOKA BA TA ISO RUMFA BA

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta samar da ruwan sha da shigar iska, amma a ma'aikata. Dokar Biyan Diyya ta 2010 kuma ta dogara ne ga kuɗin da mai ɗaukar aiki ke zubawa a asusun NSITF. Yaron da ke koyon sana'a a rumfar maigidansa ba ya cikin lissafin kowa. A Ƙatar kuwa, tun 2021 an hana aiki a rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, daga Yuni zuwa tsakiyar Satumba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi ƙiyasi a 2019 cewa nan da 2030 zafi zai cinye kusan kashi 5 cikin 100 na awoyin aiki a Afirka ta Yamma.

Kafin hukuma ta motsa, nauyin yana wuyan iyayen gidan sana'a. Aikin rufi da na silin a yi shi bayan asuba ko bayan la'asar, tsakar rana a bar ta ga aikin benci. Wanda ba ya azumi ya sha kofin ruwa duk bayan minti 15 zuwa 20, kada ya jira ƙishirwa. Ruwan gishiri da sukari da aka yi ta yekuwarsa zamanin Ministan Lafiya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti har gobe yana aiki: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin cokali na gishiri. Yaron da ya zo daga gida Arewa a ba shi mako ɗaya zuwa biyu yana aiki kaɗan-kaɗan kafin jikinsa ya saba. Kada mutum ya shiga silin shi kaɗai.

Ciwon kai, da murɗar tsoka, da fitsari ja, gargaɗi ne. Amma in mutum ya fara sambatu ko tangaɗi, jiki ya yi zafi rau, to ba aljanu ba ne, kuma ba ragwanci ba ne. A kai shi inuwa, a kwara masa ruwa, a yi masa fifita, a garzaya asibiti.

Ya kamata ƙungiyar masu wannan sana'a, NARAP, ta haɗa darasin zafi da horon sabon gas, ta kuma tsayar da ƙa'idar lokacin aiki, domin kada wanda ya ƙi hawa rufi da azahar ya rasa ciniki a hannun maƙwabcinsa. Shi ma mai gida da ya kira gyara, haƙurin awa uku da butar ruwan sanyi ba za su rage shi da komai ba. Inji in ya ƙone akwai wani a kasuwa. Allah ya kiyaye.