Tsawar Likita da Shirun Nas: Wa Ke Kwana a Ciki?

Kwanakin baya na yi jinyar mahaifiyata a wani babban asibiti, kuma abin da idona ya gane mini a can shi ya sa na ɗauki alƙalami. Wata safiya ana zagayen duba marasa lafiya, sai wata nas ta matso kusa da likita, ta ce masa cikin ladabi tana ganin maganin da ya rubuta wa wata dattijuwa ya yi yawa. Ko katin bai duba ba, ya daka mata tsawa a gaban kowa: “Ke! Ni ne likita ko ke?” Ta sunkuyar da kai ta ja da baya. Har aka sallame mu ban ƙara jin ta buɗe baki a gabansa ba.

A matsayina na ɗalibin ilimin harsuna, wannan “ke” ce ta tsaya mini a rai. Kowa a ɗakin “Sista” yake kiranta, amma da kalma ɗaya ya sauke ta daga abokiyar aiki zuwa ’yar aike. Magana kuwa zarar bunu ce. Sauran ma’aikatan jinya da ke tsaye sun ɗauki darasi: wanda ya yi shiru ya zauna lafiya.

To, a nan haɗarin yake. Likita yakan duba ya wuce, nas ce ke kwana da maras lafiya. Ita ke fara lura idan numfashi ya canza ko zazzaɓi ya tashi. Idan tana fargabar kiran likita da ƙarfe 2 na dare don gudun cin mutunci, wa zai kwana a ciki? Uwata ce, ko taka, mai karatu.

Masana sun daɗe da tabbatar da haka. A 2008 hukumar Joint Commission mai tantance asibitocin Amurka ta fitar da gargaɗi cewa tsawa, zagi da raina tambayar abokin aiki suna haddasa kurakurai a wajen magani, ta kuma wajabta wa asibitoci rubuta ƙa’idojin ɗa’a. A 2015 mujallar Pediatrics ta buga wani bincike da aka yi a Isra’ila kan rukunoni 24 na likitoci da nas-nas masu kula da jarirai. A gwajin, waɗanda aka yi wa baƙar magana sun kasa sauran wajen gano cuta da aiwatar da magani.

Ban jahilci halin da likitocinmu ke ciki ba: ga ƙarancin hannu, ga kwanan aiki, ga rashin kayan aiki. Amma nas ma a cikin wannan rana take tsaye. Da yawansu suna ta ficewa zuwa Ingila da Saudiyya. Albashi ne babban dalili, amma wulaƙanci ma yana kora.

Don haka ina kira ga shugabannin asibitocinmu da su rubuta ƙa’idojin mu’amala da za su hau kan kowa, su buɗe kafar kai ƙara wadda mai ƙorafi ba zai ji tsoron ramuwa ba. Kwalejojin koyon likitanci kuma su koyar da sauraro kamar yadda suke koyar da tiyata, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu gyara, amin.