Na'ura Ta Iya Lissafi, Amma Ba Ta Iya Majalisa Ba

Ya Edita,

 Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in faɗi albarkacin bakina game da yadda wasanninmu na zaune, wato dara da lido da karta, suke ƙaura daga gindin bishiya suna komawa cikin wayar hannu. Duk wanda ya zaga Birnin Kudu ko Gwaram ko kasuwar Sara da yamma zai ga samari sun haɗa kai a rumfar mai cajin waya, kowa ya duƙufa a kan tasa. Abin tambaya shi ne, shin wasan da ke cikin wayar nan shi ne wanda muka sani, ko kuwa sunan ne kawai ya zo ɗaya?

To, gaskiya ɗaya ce, dole a yaba wa na'ura ta wani fannin. Ba ta maguɗi a ƙirga gida, ba ta ɓoye kati a ƙarƙashin cinya, ba a kuma yi mata rantsuwar ƙarya. Ɗan tireda da ba shi da ikon barin shagonsa yana iya buga wasa da ɗan'uwansa da ke ci-rani a Legas. Wannan ci gaba ne.

Amma fa a duba dokokin. Asalin lido wani wasa ne na ƙasar Indiya da ake kira pachisi, Turawan Ingila suka yi masa kwaskwarima a 1896. Da ya zo hannunmu sai muka yi masa namu gyaran. Mu da dayis biyu muke bugawa, in ka ci ɗan abokin wasanka naka ma ya fita ke nan. Shi kuwa Ludo King, wanda wani kamfanin Indiya ya fitar a 2016, dayis ɗaya yake amfani da shi, in ka ci ɗa sai ka ci gaba da zagaye. Yaron da ya koya a waya in ya zauna a gaban allo sai gardama ta tashi, yana cewa manya ne ba su iya ba. Haka kartar Whot da aka ƙirƙiro a Ingila a 1935. Mu ne muka saba cewa mai lamba 2 a ɗauki biyu, mai 14 kowa ya je kasuwa, mai 20 ka nemi abin da kake so, kuma kowace majalisa da ɗan abin da take ƙarawa ko ta rage. Waya kuwa abin da aka ɗura mata shi take bi.

Wannan matsala ba mu kaɗai ta dama ba. A Amurka akwai wani wasan tebur mai suna Dungeons & Dragons da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974. Mutane ne ke zama, wani ya zama jarumi, wani boka, wani ɓarawo, mutum ɗaya yana ba da labari kamar mai tatsuniya kuma shi ne alƙali, ana jefa dayis mai fuska 20 don a ga ko abin da mutum ya yi niyya ya yiwu. A 1998 kamfanin BioWare na Kanada ya mayar da dokokinsa cikin kwamfuta da sunan Baldur's Gate, a 2023 kuma kamfanin Larian na Beljiyam ya fitar da kashi na uku, har ya ci kyautar gwarzon wasan shekara. Duk da ɗimbin kuɗi da ma'aikatan da suka zuba, sai da suka sauya wasu dokokin kafin su zauna a na'ura, kuma ba abin da ɗan wasa zai iya yi sai wanda masu rubuta wasan suka hango tun farko. A tebur kuwa in ka zo da dabarar da ba a taɓa ji ba, alƙalin nan zai yi tunani ya yanke hukunci nan take. In masu hannu da shuni sun yi wannan fama, ina ga mu?

Abin da ya fi damuna shi ne dara. Gurbi 30 ake tonawa a ƙasa, biyar sau shida, kowa da 'ya'ya 12, wannan da tsinke wancan da tsakuwa. Ka jera uku ka ci ɗaya, ka jera huɗu ba ka ci komai ba. Wannan lissafi ba zai gagari na'ura ba. Amma ina za ta samo 'yan kallo masu zuga da zolaya? Ina dattijon da zai ce wa yaro, "Kai, mayar da ɗan nan ka sake dubawa," don ya koya masa haƙuri da hangen nesa? A wajen dara ake jin farashin gero da riɗi, a nan ake sasanta maƙwabta. Wallahi rabin wasan ba a cikin gurbi yake ba, a bakin mutane yake.

Sannan ga batun aljihu. Dara ba ta cin sisin kwabo. Ta waya kuwa sai data, sai caji, ga talla iri-iri, wasu ma har da zuba kuɗi, wato caca ce aka yi wa sabuwar riga. Yaron shago ya taɓa cinikin maigidansa yana sa ran zai mayar, ƙarshenta dara ta ci gida.

Saboda haka ina kira ga 'ya'yanmu masu karatun kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutse da makarantar Kazaure, in za su sa dara a waya, su fara zama da dattawa su rubuta dokokin kowane gari, su bar wa mai wasa zaɓi, kuma su yi shi da Hausa ba tare da caca ba. Ina kuma roƙon ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram su riƙa shirya gasar dara bayan an gama girbi, tsakanin unguwanni da ƙauyuka. Iyaye kuma mu ja yara kusa mu koya musu da hannu, domin kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

 

Naku a kullum,
Wani ɗan tireda,
Bakin Kasuwa, Birnin Kudu,
Jihar Jigawa.