Kalma Ɗaya, Cuta Huɗu

Akwai wata kalma ta Ingilishi wadda ta kama bakin samari a Birnin Kudu da Gwaram, har ta shiga zauren karatu da rumfar kasuwa, watau "kwamfiyus". Yaron kanti ya ɓata lissafi, sai ya ce ya yi kwamfiyus. Ɗalibi ya kasa amsa, shi ma haka. Aron kalma ba aibi ba ne, gama Hausa ta aro alƙalami wurin Larabawa, ta aro tebur wurin Turawa. Aibin wannan shi ne ta tara al'amura huɗu a buhu guda, alhali kowane da maganinsa. Asalinta ma daga Latin ne, ma'anarta a zuba abubuwa wuri guda har su cakuɗe, kamar gero da dawa.

Na farko, mutum ya ɗauki wani abu a maimakon wani. Sunansa rikicewa. Dattawan kasuwar Sara sun san ta, domin a 1973, da aka bar fam aka kama naira, fam guda ya zama naira 2, sule kuwa mai kwabo 12 ya koma kwabo 10. Maganinta a zauna a sake ƙirga, a mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa.

Na biyu, zuciya ta tsaya tsakanin abu biyu. Sunansa shakka, ita ma ba iri ɗaya ba ce. A Risala ta Ibnu Abi Zaidin, wanda bai sani ba ko raka'a uku ya yi ko huɗu, sai ya yi gini kan yaƙini, ya kawo ɗaya, ya yi ba'adi. Amma wanda shakka ta aura, tana zo masa kullum, watsi zai yi da ita, ba ya ƙara komai, ba'adi kurum zai yi. To, in mai tambaya ya ce kwamfiyus ya yi, da wane hukunci malam zai ba shi fatawa?

Na uku, a Turancin ƙasar nan, in an ce wane ya kawo "kwamfiyushan", hargitsi ake nufi. Wannan aikin mai unguwa ne da dagaci, su yi sulhu.

Na huɗu shi ne mafi haɗari. A bakin likitoci kalmar tana nufin ɗimuwa: majiyyaci bai san inda yake ba, bai gane iyalinsa ba. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana jawo ta, haka sanƙarau, haka faɗuwar sukari a jini. Maganinta a garzaya asibiti nan take, kamar babban asibitin tarayya na Birnin Kudu. Wanda ya saba jin kalmar cikin raha zai raina ta ranar da likita ya faɗe ta.

Sa'an nan kalmar da ba ta raba kuskure da ganganci mafaka ce ga mai tauye mudu. Saboda haka ya kamata malami a zaure da ubangida a rumfa, duk yaron da ya furta ta, su tambaye shi, "Wace iri?" In ya faɗi sunanta da Hausa, an san maganin da za a nema. Haza wassalam.