Allura miliyan nawa, garkuwa nawa?

Kowace shekara wasan ɗaya ne. A kafa rumfa, a jera kujeru, minista ko gwamna ya kama kunnen akuya ya tsira mata allurar farko, a tafa, telebijin ta ɗauka. Bayan watanni a fito da alƙaluma: dabbobi miliyan kaza sun samu rigakafi. Abin da ba a karanta wa talaka daga kan mumbari shi ne adadin waɗanda allurar ta kama jikinsu. Daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, daga Tibiri zuwa Gesheme, wannan adadi na biyu shi ne ke raba matar da za ta sayar da bunsuru ta sayi hatsi a bazara da wadda za ta wayi gari ta tarar da garke a kwance.

Tsira allura daban, samun garkuwar jiki daban. Maganin rigakafin annobar awaki da tumaki, wadda masana ke kira PPR, ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana. Zafi yana kashe ta. Idan aka dama ta da ruwanta, cikin awa biyu ya kamata a ƙare kwalbar. To, a auna wannan da ma'aikacin da ya taso daga Dutsi bisa babur, ƙanƙararsa na narkewa, zai kai Dogon Kirya ko Sukukutan rana tsaka. Zai yi allura ɗari uku, ya rubuta ɗari uku, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai mai yiwuwa ruwa ya zuba wa rabinsu. Ga kuma garken kansa da ba ya tsayawa wuri ɗaya: ana yanka, ana sayarwa, ana haihuwa, kuma garkuwar da ɗan akuya ya sha a nonon uwarsa tana gushewa cikin wata uku ko huɗu. Masana sun ce sai kimanin kashi 70 cikin ɗari na dabbobi sun samu garkuwa ta gaske kafin annobar ta rasa hanyar yaɗuwa. Ido ba ya ganin wannan. Sai an ɗebi jini an auna.

Masu cewa bincike almubazzaranci ne a ƙasar da ba ta ƙoshi da tuwo ba, su tambayi tsofaffin Fulanin Dallol Mawri labarin bushiya. Ta share shanun ƙasar Hausa wajen 1891. Aka samu maganin rigakafinta a Kenya, aka ƙaddamar da babban gangami a 1962 wanda ya haɗa Nijar, Nijeriya, Kamaru da Cadi. Aka ƙirga allurai, aka ce an gama, aka saki jiki. A farkon shekarun 1980 ta dawo ta yi ɓarna mai yawa. Abin da ya taimaka wajen karya ta daga baya shi ne wani magani mai jure zafi, wanda zai yi wata guda ba firiji, aikin masu bincike na jami'ar Tufts ta Amurka. Ina aka gwada shi a daji? A Nijar, bisa shanun Nijar, tare da ma'aikatan kiwo na Nijar, aka buga sakamakon a 1990. A 2011 duniya ta shaida bushiya ta ƙare. Jinin shanun ƙasar nan yana cikin wannan nasara, amma ɗalibai nawa na Jami'ar Abdu Mumuni aka taɓa gaya wa haka?

Yanzu an ɗauki alkawarin kawar da PPR kafin 2030. Maganin yana nan, LABOCEL a Yamai ta san aikin haɗa rigakafi da awon jini, sashen noma na jami'a yana da malamai da ɗaliban da ke neman abin bincike. Me ya rage? Kuɗin ƙasa. Tun zamanin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da karyewar sefa a Janairun 1994 aka koya wa hukuma ta janye hannunta daga lafiyar dabbobi, ta bar wa furoje. Furoje kuwa baƙo ne, yana da ranar zuwa da ranar tafiya. Tambayar da ya zo da ita zai amsa, rahotonsa da Faransanci ko Turanci, kuma ba a tsara shi don a karanta wa makiyayin Kore Mairuwa ba. Shekara da shekaru a Dakar ake horar da likitocin dabbobin ƙasar da kiwo ke cikin manyan abubuwan da take fitarwa waje, alhali Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, mai sashen likitancin dabbobi, ta fi kusa da Tibiri bisa ga Yamai. Cuta tana ƙetare iyaka kowace ranar kasuwa, ba ta jiran takardar jakada.

Kaji da zabi ma ba a maganarsu, domin dukiyar mata da yara ce. Kowane hunturu annobar Niyukasul tana share akurki, alhali wata jami'a a Ostireliya ta daɗe da fito da maganin ɗigawa a ido mai jure zafi. Sai murar tsuntsaye ta ɓulla a Magariya a 2006, ko zazzaɓin Rift ya kashe mutane a Cintabaradan da Tasara a 2016, sannan a ga motoci da fararen riguna, domin a lokacin tsoron ya isa manyan birane.

Abin da ake nema ba gagara ba ne. A ware wa jami'a kaso tsayayye cikin kuɗin gangamin rigakafi, daga baitulmali. A tura ɗalibai Dutsi da Tibiri wata guda bayan wucewar masu allura, su ɗebi jini gari-gari, har da dabbobin da ke shigowa daga Kabi da Sakkwato. A karanta sakamakon da Hausa da Fulatanci a rediyon karkara, kowace karamar hukuma da adadinta, a gaban farfe da sarakunan gargajiya. Idan adadin ya kai 70, gwamna ya karɓi tafinsa. Idan 40 ne, a sake komawa da sabon magani da isasshiyar ƙanƙara kafin dabbobi su tashi zuwa arewa da faɗuwar ruwan farko.